Baba Ayuba da Ramin da Muka Cike wa Baƙi

"Kafin ruwan farko ya sauka, da motata zan ƙetare wurin nan in zo in sha kunu a ƙofar gidan Baba Ayuba. In ban yi muku kwalbati ba, kada ku ƙara gaishe ni."

Maganarka ce wannan, Honarabul. Ka faɗe ta a bakin kwazazzabon Gangare lokacin kamfen, hannunka na dama riƙe da lasifika, na hagu a kafaɗar dattijon. Ni ce sakatariyar kwamitin unguwa, ni na rubuta ta a littafin taro kamar yadda ta fito daga bakinka. Ruwan farko ya sauka, na ƙarshe ya ɗauke, wata daminar ta zo ta wuce, ga ta uku muna ciki. Mutumin da za ka sha kunu a ƙofarsa yana mutuware tun ranar Talata.

Ina aji labarin ya same ni. Ina koya wa 'yan aji biyar na sakandare yadda aka raba aiki tsakanin matakan gwamnati, wanda ke da alhakin hanya, wanda ke da alhakin ruwa, na zana musu komai a allo tsaf. Wayata ta yi ta rawa a cikin jaka. Ba na ɗaukar waya a aji, amma da ta yi karo na huɗu sai na fita baranda. Hannatu ce, 'yar Baba ta fari. Ko gaisuwa ba ta yi ba. Ta ce, "Anti Saratu, Baba ya tafi. A cikin keke ya tafi. Ba mu kai ba." Na ce ba ku kai ina ba? Ta ce, "Asibiti. Ruwa ya tare mu." Na koma aji na goge allon, na ce wa yaran su karanta abin da suka ga dama.

Ga wanda bai san wurin ba, Gangare wani lungu ne a bayan Narayi, inda ƙasa ta sunkuya zuwa rafi. Hanya ɗaya ce ke shiga cikinsa. A sama, kan tudu, gidajen manya ne masu doguwar katanga, kuma an gina musu magudanar ruwa ta siminti mai kyau. Magudanar nan ta ƙare daidai inda katangar gida na ƙarshe ta ƙare. Daga nan ruwan duk layukan tudu yake haɗuwa ya zubo mana. Shekara da shekaru yana cin hanyarmu, har ya haƙa ramin da in namiji ya tsaya a ciki ba za ka ga kansa ba. Da rani muna gangarawa mu haura da ƙafa. Da damina sai mu tsaya a baki mu jira ruwa ya ga dama.

Ranar Talata an wayi gari da ruwa. Ni na ƙetare da sassafe, tun ramin bai cika ba. Baba ya gama karin kumallo, ya miƙe zai ɗauko rediyonsa, sai ya faɗi, bakinsa ya karkace. Ya daɗe da hawan jini, kowa ya sani. Hannatu ta kira mai keke mai ƙafa uku, kuma mai keken bai yi jinkiri ba, Allah ya saka masa. Ya zo ya tsaya a wancan bakin, su suna wannan bakin, jan ruwa yana gudu a tsakani. Maƙwabcinmu Alhaji Sani mai katako ya kawo faffaɗan katako aka kwantar da Baba a kai, matar Baba, Mama Rifkatu, tana riƙe masa lema. Alhaji da wani suka gwada shiga, ruwa ya kai musu ƙirji, ya nemi ya tafi da ɗayan. Haka suka tsaya fiye da awa guda suna kallon keke, mai keke yana kallonsu. Da ruwa ya ja baya zuwa ƙugu, maza shida suka ɗaga shi sama da kawunansu suka ƙetare. Kafin keken ya hau kwalta ya cika.

Ni ba likita ba ce. Ban san ko da ya isa asibiti da wuri zai rayu ba, kuma ba zan yi ƙarya a kan mamaci in ce na sani ba. Abin da na sani shi ne an hana shi damar gwadawa, shi da ya ƙarar da tsufansa yana roƙon kwalbati ɗaya tak a wurin nan.

Baba Ayuba abokin aikin mahaifina ne a masaƙa, a Kakuri. Tare suka baro ƙauye suna samari, ɗaki ɗaya suka kama a Makera. Makanikin injin saƙa ne. Mahaifina yakan ce in Ayuba ya ratsa ɗakin injuna, da kunne kawai yake gane wanda zai lalace gobe. Da masaƙa ta rufe bai koma gida ba. Ya gangaro nan inda fili yake da sauƙi, ya buga bulon ƙasa da hannunsa, ya gina ɗaki uku da falo, ya ci gaba da rayuwa da gyaran injin niƙa da famfon tuƙa-tuƙa. Iyakar karatunsa firamare, amma ban taɓa ganin mai karanta jarida irinsa ba, har sanarwar canjin suna ba ya tsallakewa. Shi ya fara kai ni laburare, ya ce wa matar da ke wurin, "Wannan 'yar ta fi ƙarfin gidansu da tambaya, ku taimake mu."

Ba shi da faɗa, amma ba a raina masa hankali. Akwai shekarar da wani ɗan takara ya aiko masu fenti su rubuta sunansa a jikin famfon da mu muka haƙa da kanmu. Matasa suka taru za su kore su. Baba ya hana. Ya buga wa masu fentin ruwa suka sha, ya ce su rubuta, amma su ƙara da lambar wanda za a kira in famfon ya lalace, domin shi ya gaji. Suka dubi juna, suka tattara gwangwanayensu suka tafi.

Mutum ne mai tsabta da kunya. In aka yi rasuwa a unguwa, kafin masu gaisuwa su fara zuwa za ka same shi da tsintsiya a ƙofar gidan, bai gaya wa kowa ba. In za mu ofis kai takarda sai ya goge farar rigarsa, ya goge takalmi ya sa a leda, ya ƙetare ramin da silifa, sai mun hau tudu ya canza. Na taɓa ce masa, "Baba, ku bar su su ga taɓon mana." Ya ce, "Malama, talauci namu ne, ba sai mun kai musu shi ofis ba." Bai taɓa zama a ofis ba sai an ce ya zauna, ko da kuwa masinja ne kaɗai a ciki. Maganar da ya fi yi mini ita ce, "Rubuta, Malama, rubuta. Su abin da ba ya kan takarda bai faru ba." Akwai kuma wadda duk Gangare ta haddace: "Kada baƙo ya zo ya ga kunyarmu."

Wannan ta biyun ce ta ci mu. Zan faɗi yadda aka yi, domin shi da kansa bai ɓoye ba, kuma domin ana shirin maimaitawa a kan gawarsa.

A ranin farko bayan zaɓe aka aiko mana cewa injiniyoyi za su zo wata Alhamis su duba wuraren da ke bukatar kwalbati, kai ma Honarabul za ka biyo su. An ce masu nema suna da yawa, kaɗan za a yi wa. Baba shi ne shugaban kwamiti. Ya kira taro a gindin mangwaron gidansa, ya ce manyan baƙi za su zo, ba zai yiwu su bar motocinsu a tudu su yi ta dafe-dafe cikin rami kamar awaki ba. A cike wurin.

Na ce, "Baba, ramin fa za su zo gani."

Ya ce, "Za mu gaya musu. Ke za ki karanta musu a jawabi."

Na ce, "In sun ƙetare lafiya, me zai sa su yarda da jawabina?"

Dattijo Bitrus, mataimakin shugaba kuma dattijo a cocinmu, ya ce, "Malama Saratu, ke komai sai kin yi masa tambayar jarrabawa. A ina kika taɓa ganin an gayyaci mutum an bar shi ya karye a ƙofa?"

Aka yi dariya. Ni ma na yi, kuma dariyar nan ce ta fi ƙona mini rai yau. Haka aka rene mu duka. A ƙauyukan da iyayenmu suka fito, in babban baƙo zai zo, fasto ne ko jami'in gwamnati, gayya ake yi a share hanya tun daga bakin gari, a ɓoye tsummoki, a yanka kazar da ba ta da ta biyu. A can mutunci ne, kuma da shi muka shigo birni.

Kwana uku muka yi. Maza da diga da shebur, mata da kwanon sarki. Muka bi wuraren gini muka roƙi buhunan siminti da aka juye, muka ɗura musu ƙasa, muka jera su a cikin ramin hawa-hawa kamar yadda Baba ya tsara, muka zuba jar ƙasa a sama muka daddaɓe. Matan zumuntar cocinmu suna waƙa. Alhaji Sani ya rufe shagonsa ya zo da baro. Ni na ɗauki ƙasa har wuyana ya sage. Baba makaniki ne, ba ya aikin wasa. Da muka gama sai ka rantse katafila ce ta bi wurin. Har ruwa muka yayyafa.

Ranar Alhamis motoci uku suka gangaro, suka bi ta kan aikinmu ko girgiza ba su yi ba, suka tsaya a rumfar da muka kafa. Na karanta jawabi shafi biyu, na bayyana zurfin ramin da abin da yake yi mana da damina. Babban injiniyan yana gyaɗa kai yana cin cincin. Da na gama ya ce, "To, Madam, ina wurin yake?" Baba ya miƙe da murmushi, ya nuna da hannu, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ta kansa kuka wuce." Aka tafa. Kai ma ka tafa, Honarabul. Ka ce da ma duk unguwanni irin Gangare ne, da gwamnati ta huta. Ban san gaskiyar cikinka ka faɗa ba sai daga baya.

Da aka fitar da wuraren da za a yi wa, babu mu. Muka yi ta sawu a ofis ni da Baba, kafin wata ma'aikaciya 'yar Binuwai ta ji tausayin farar rigarsa ta buɗe mana fayil. Layi ɗaya ne a gaban sunan Gangare: hanya tana biyuwa, jama'a suna kula da ita da kansu. Matar ta rage murya ta ce, "Baba, wa ya ce ku gyara? Mutanen da suka samu, barin motar oga suka yi ta faɗa rami. Sai da ya fito ya tura da kansa. Yau tifa ke zuba musu tsakuwa."

Muka fito. A bakin titi muna jiran mota na faɗa masa maganar da zan mutu da ita a zuciya. Na ce, "Baba, kun binne mana kwalbati da hannunku, kuma kun sa mun taya ku." Ya dube ni. Sai ya sunkuya ya cire takalminsa ya sa a leda, alhali ko kusa da gida ba mu yi ba.

Ruwan farko ya tafi da buhunan a yini ɗaya, ya ƙara wa ramin faɗi. Wata biyu ina gaishe shi daga nesa, shi ma bai neme ni ba. Rannan na dawo daga makaranta na same shi a bakin ramin da diga, yana sassaƙa matakala a jikin ƙasa saboda tsofaffi da masu ciki. Ya ce, "Malama, zo." Na je na durƙusa. Ya ce, "Kin yi gaskiya. Ni baƙi na ɗauke su. Ashe ma'aikatanmu ne suka zo aiki, muka hana su ganin aikin." Na ce, "Baba, ku yafe mini bakina." Ya ce, "Bakin naki za mu yi aiki da shi yanzu. Ɗauko biro." Dattijo ne da ya haura saba'in, ya karɓi gyara daga bakin 'yar da ya goya. Ban san maza da yawa da za su iya ba.

Daga ranar ba mu huta ba. Wasiƙa bayan wasiƙa, haɗe da hotunan ramin da damina, ni ke rubutawa shi ke kaiwa. Amsoshin na haddace su: an canza injiniya, fayil yana sama, a jira kasafin baɗi. A gidanka kuwa, Honarabul, mai gadi ya san shi har yana ajiye masa benci a inuwa. Sau ɗaya ka fito ka same shi, wata Asabar, ni ma ina wurin. Ka rungume shi ka ce, "Babana! Ka san kana zuciyata. Rahoton nan ne ya ɗaure mini hannu, masana sun ce hanyarku lafiya lau." Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, laifinmu ne, mu muka rufe musu ido. A sake turo su." Ka ce an gama, ka shiga mota. A hanyar dawowa na ce, "Baba, me ya sa kuke ɗaukar laifin duka?" Ya ce, "Nawa na ɗauka. Nasa yana nan yana jiransa." Da Kirsimeti ka aiko da shinkafa a ƙananan buhuna da hotonka a jiki. Baba ya raba wa matan da mazansu suka rasu, ya ninke buhunan ya ce, "Waɗannan dai ba za a ɗura musu ƙasa ba." Rahar da na taɓa ji ya yi a kan maganar ke nan.

To ga naka laifin. Injiniyan baƙo ne a Gangare, yana iya cewa bai sani ba. Kai fa? A bakin ramin ka tsaya ka yi alkawari, ka leƙa ciki har ka ja da baya. Ranar da tayarka ta bi ta kan buhunanmu ka san abin da ke ƙarƙashi. Kalma ɗaya daga bakinka ta isa a tona gefe a nuna wa mutumin. Ka zaɓi ka tafa, domin unguwa ɗaya ta sauka daga wuyanka ba tare da ka ce mata a'a ba. Mu kuskure muka yi. Kai da saninka ka yi.

Na daɗe ina karatu a kan yadda ake raba ruwa da hanya da wuta a manyan garuruwa, namu da na wasu ƙasashe, kuma darasin ba shi da wuya. Ba mai bukata ake yi wa ba. Wanda ake tsoro ake yi wa, ko wanda ake zawarci. Mu ba a tsoronmu saboda muna da ladabi, ba a zawarcinmu saboda an san inda ƙuri'armu take tun kafin a buga takardar. In talaka ya bar kwatarsa a ce ƙazami ne, in ya gyara a rubuta ba ya bukata. Mu muka haƙa famfo, mu muka kafa turakun wuta, mu muka yi wa ajin firamare rufi da iska ta yaye shi, kuma kowane aikin da muka yi ya zama hujjar a wuce mu. Kada wani ya zo ya ce mini don muna wannan gefen kogin da ya raba garin ne, ko don addininmu ne. Na yi shekaru ina koyarwa a ƙetaren kogi. Na ga lungunan da ruwan tudu ke zubo wa a can ma, na ga mata suna tattare zane suna ratsa shi da goyo. Wannan magana ita ake ba mu mu tauna lokacin kamfen, don kada mu tambayi inda magudana ta ƙare. Kai da ka yi mana alkawari yarenmu kake ji, a cocinmu ka yi sujadar godiya da ka ci zaɓe. Alhaji Sani ne ya shiga ruwa har ƙirji.

Jiya da yamma kwamiti ya zauna a gidan makoki don shirin jana'iza. Tsarin kamar yadda muka saba ne. Ranar Juma'a mai zuwa a ɗauko Baba daga mutuware, a kawo shi gidan da ya gina ya ɗan kwanta a falonsa a yi masa ban kwana, a wuce coci, Asabar a kai shi ƙauye. Sai Dattijo Bitrus ya gyara murya ya ce an bugo daga gidan Honarabul, zai zo da kansa tare da wasu manya. Ya ce motar gawa ba za ta iya isowa ƙofa ba, motocin manya ma haka. Ya ce ruwa ya ɗan yi sauƙi, in muka fara ranar Litinin za mu gama cikewa kafin Alhamis. Har ya yi magana da masu buhu.

Na ce, "Dattijo, ku sake faɗa, ban ji ba."

Ya ce, "Malama, ba lokacin rigima ba ne. Gawa ce. Mutanen ƙauye za su zo, surukai za su zo daga Filato. Kina so a ce mun ɗauko shugabanmu a ka muna santsi a cikin rami? In akwatin ya kuɓuce fa? Ke za ki ɗauki wannan?"

Ba maganar banza ya yi ba. Bitrus benci ɗaya yake zama da Baba a coci tun kafin in yi aure, idanunsa a kumbure suke. Yana so a raka abokinsa da mutunci, yadda ya sani.

Na ce, "In muka cike, ranar Juma'a Honarabul zai sake bi ta kai da gilas a rufe, ya zo ya yi jawabi a kan gawar mutumin da ramin nan ya tare. Masu hoto su ɗauki hanya sumul. Ruwa ya kwashe ranar Lahadi, mu zauna jiran na gaba. Wa ke da cikin wata tara a layin nan? Duk kun san ta."

Wani daga baya ya ce, "Siyasa da gawa, Malama? Ki ji tsoron Allah."

Na ce, "Shi wanda zai zo da masu hoto, me zai yi da ita?"

Murya ta fara tashi, wasu sun miƙe, sai labule ya motsa. Mama Rifkatu ba ta ce uffan ba tun ranar Talata ban da amsa gaisuwa. Ta fito da baƙin ɗankwali, Hannatu na riƙe da ita, ta tsaya a bakin ƙofa.

Ta ce, "Bitrus."

Ya ce, "Na'am, Mama."

Ta ce, "Ni na riƙe lema. Na ga idonsa yana kallon keken nan. Ba ya iya magana, amma yana kallo. Yadda ya fita haka zai shigo. Wanda ya zuba ƙasa ko kwano ɗaya, kada ya shigo mini gida gaisuwa."

Ta koma ciki. Dattijo Bitrus ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce to shi zai riƙe gaban akwatin, in za a zame da shi za a zame. Alhaji Sani ya ce zai kawo igiya mai ƙarfi a ɗaure a baki da baki, masu ɗauka su sami abin riƙewa.

Amma ban yaudari kaina ba. Yau da safe na ga buhuna a jibge a bayan coci, ban san wanda ya kawo su ba. Akwai waɗanda kunyar surukai ta fi musu tsoron ruwa, akwai kuma masu sammakon zuwa gidanka, Honarabul, da za su so su shimfiɗa maka hanya. Saboda haka matan zumunta sun raba kansu biyu-biyu, suna zaune a bakin ramin da kujerunsu daga safe har yamma, maza uku kuma sun ce su za su karɓe su da dare. Gadin rami muke yi. Inda aka kai mu ke nan, kuma ba na jin kunya.

Ubangiji Allah ya ji ƙan bawansa Ayuba, ya gafarta masa kurakuransa, ya karɓe shi cikin hutawarsa. Ya tuna masa da kowace ƙofar makoki da ya share, da kowane famfo da ya tayar. Ya ta'azantar da Mama Rifkatu, ya ɗauke mata hoton safiyar nan daga ido ta sami barci. Ya riƙe Hannatu da ƙannenta da jikoki, ya zama uba a gidan. Ya saka wa mazan nan shida da mai keke. Ya tsare ƙafafun waɗanda za su ɗauke shi ranar Juma'a, ya riƙe mana ruwan sama a ranar. Ya sauki mai cikin nan lafiya, a kan gadon asibiti. Ni kuma ya gafarta mini wata biyun da na ɓatar ina gaishe da dattijon daga nesa. Cikin sunan Yesu, amin.

Saura kai, Honarabul. Ba na cewa ka gina kwalbati a mako guda, na san yadda siminti ke bushewa. Na ba ka zuwa ranar Laraba mai zuwa, ƙarfe goma sha biyu na rana. Ka zo da injiniyan da ya rubuta layin nan, ku bar motoci a tudu, ku sauka cikin ramin da ƙafa ku auna shi. Ya rubuta sabon rahoto a gabanmu, ka sa hannu a kan ranar da za a fara aiki, a ba kwamiti kwafi. Babu rumfa, babu jawabi. In ka yi haka ka zo jana'iza ranar Juma'a, za a ba ka kujera, ka ƙetaro yadda kowa ya ƙetaro.

In sha biyu ta buga ba ka zo ba, ba zan yi ihu a jana'iza ba, domin Baba ba zai so ba. Za mu kai shi ƙauye mu rufe shi mu dawo. Na riga na nemi hutu a makaranta daga Litinin ɗin bayan jana'iza. Zan fara tattara sa hannun yi maka kiranye kamar yadda doka ta ba masu zaɓe dama, gida-gida, daga Gangare zuwa kowane lungu na mazaɓarka da ruwan tudu ke zubo wa. Na san za ka ce ba a cika yin nasara ba. Na fi ka sani. Amma kafin in gama, babu ƙofar da ba za ta ji yadda Ayuba ya mutu ba, da wanda ya san abin da ke ƙarƙashin tayarsa ya yi shiru. Mama Rifkatu ta ce a fara da ita. Ba ta iya riƙe biro ba, ta ce in taho da tawadar dangwale.